Falken Da Ya Komo Ga Ilmin Taurari

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangiji wanda ya ƙawata sama da fitilu, ya sanya wa kowace lokacinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan labarin wani falke ne na birnin Kano, mai sayar da yadi a Kantin Kwari, wanda ya karanta ilmin taurari yana saurayi, ya bar shi shekara 34, sa'an nan ya komo gare shi da furfura. An kawo labarinsa domin irinsa suna da yawa cikin malamai da 'yan kasuwa, watau mutanen da suka hardace sunayen manzilolin wata tun suna yara, har yau suna iya jero su ba gargada, amma in aka fita da su fili da dare aka ce su nuna guda ɗaya da yatsa, sai su yi shiru.

Fasali na farko: Mafarin karatu

Yana yaro ubansa ya kai shi gabas, wata tsangaya a ƙasar Haɗeja. Da ya sauke Alƙur'ani bai komo gida ba, sai ya zauna wurin malamin yana karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Malamin nan yana da rabo cikin ilmin falaki. In an tashi daga karatun dare, wutar kara ta mutu, ƙananan almajirai sun kwanta, sai ya ɗauki sandarsa ya kira manyan ɗalibai biyu ko uku, su fita faƙon bayan gari inda babu itace mai tare ido.

A nan ya koya musu manziloli 28, waɗanda wata ke sauka cikin ɗaya kowane dare, rana kuwa takan yi kwana 13 cikin kowane, sai Jabha kaɗai da ke da 14, jimla kwana 365. Ya raba musu su huɗu, bakwai bakwai. Na damina su ne Haƙ'a da Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Na kaka, Sarfa da Iwa da Simaku da Gufru da Zubana da Iklilu da Ƙalbu. Na ɗari, Shaula da Nu'aimu da Bulda da Sa'adu huɗu, watau Zabihu da Bula'u da Su'udu da Ahbiya. Na bazara kuwa, Far'u na gaba da Far'u na baya da Baɗanul Hutu da Naɗhu da Buɗaina da Surayya da Dabaran.

Amma malamin ba ya barin suna ya zauna a baki kaɗai. Kowane ya ambata sai ya ɗaga sanda ya nuna shi. Ya nuna musu Surayya, ya ce ita ce Kaza da 'ya'yanta da kowace tsohuwa ta sani. Ya nuna jan tauraron da ke binta a baya, ya ce shi ne Dabaran, ma'anar sunansa mai bin baya. Ya nuna Ƙalbu, ja kamar garwashi a ƙirjin Kunama, da Shaula a bakin ƙarinta. Da waɗannan suke sanin tsakiyar dare da sulusinsa na ƙarshe, da su suke tashi sahur, ba agogo ko ɗaya a tsangayar.

A farkon 1981 Mushtari da Zuhal suka kusanci juna, har abin da ke tsakaninsu ya zama kamar faɗin wata biyu. Malam ya bayyana musu dalili. Mushtari yana gama kewayensa cikin shekara 12 ba kaɗan, Zuhal kuwa mai nauyin tafiya ne, sai ya yi shekara 29 da rabi, saboda haka duk bayan kamar shekara 20 mai sauri yakan cim ma mai nawa. Ya ce musu wanda Allah ya ja kwanansa daga cikinsu ya riƙa dubawa, in ya gani ya yi masa addu'a.

A 1986 tauraruwa mai wutsiya ta fito, wadda Turawa ke kira Halley. Mutanen gari suka tsorata, suna cewa ganinta ba alheri ba. Malam ya tashi ɗalibansa kafin asuba ya nuna musu ita can kudu, dishi-dishi, ya ce halitta ce mai ajalin zuwa da komawa, ta zo a 1910 zamanin mahaifinsa, takan komo bayan kamar shekara 76, ba ta kashe kowa ba ta rayar da kowa. Cikin shekarar nan mahaifin saurayin ya rasu, aka aiko masa ya komo ya riƙe rumfa. Ya tattara takardun da ya rubuta da hannunsa, ya sa cikin gafaka, ya jefa gafakar ƙasan adaka.

Fasali na biyu: Shekarun kasuwa

Kasuwa ta karɓe shi, Allah ya buɗa masa. Ya yi fatauci Ikko da Kwatano, daga baya har Dubai da ƙasar Sin. Ya ɗaura agogo a hannu, ya rataya kalanda a bango, lokacin salla kuwa lasifikar masallaci ke gaya masa. Ba ranar da ya ce ya bar taurari. Yau ne gobe ne, har shekaru suka taru, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, ƙarshen watan Safar 1427, aka yi husufin rana da hantsi. A Gusau da Katsina rana ta rufe ɗungum, gari ya yi duhu har taurari suka bayyana, kaji suka nufi akurki. A Kano saura ƙiris ta rufe. Falken nan yana rumfa ana cinikin dila, ya leƙo waje, ya ga haske ya yi fatsi-fatsi, ya yi salati, ya koma ga ciniki. Tsakaninsa da Katsina tafiyar sa'a biyu ce da 'yan kai a mota, kuma an yi shelar abin a rediyo tun kwanaki kafin ya auku. Ba da daɗewa ba labarin rasuwar malaminsa ya iske shi. Ya tafi ta'aziyya da safe, ya komo da la'asar, bai kwana ba balle ya ga saman ƙauyen.

Fasali na uku: Daren komowa

Ranar Litinin 21 ga Disamba 2020, bayan sallar magariba, wani jikansa mai shekara goma sha biyu ya zo masa da wayar hannu, ya ce an faɗa a ciki yau taurari biyu za su haɗu. Suka hau saman soro. Hazo bai yi kauri ba ran nan. Can yamma maso kudu, ƙasa-ƙasa, sai ga Mushtari da Zuhal sun matsu da juna har mai raunin ido ya ɗauka guda ne. Abin da ke tsakaninsu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ba, kuma rabon da su kusanci juna haka tun 1623.

Yaron ya ce, “Alhaji, wanne ne Mushtarin?”

Ya ce, “Mai hasken. Dusasshen shi ne Zuhal.”

Bai san sa'ad da amsar ta fito daga bakinsa ba. Sai wasiyyar malam ta faɗo masa, ya tuna an yi haɗuwar 2000 bai ko sani ba. Ya tsaya nan ya yi wa malaminsa addu'a, yaron yana amin, bai san wa ake yi wa ba.

Sa'an nan yaron ya juya gabas ya nuna wani tauraro, ya tambayi sunansa, ya nuna wani, ya nuna wani. Dattijo ya rasa ta cewa. Ya ɗauko jerin manziloli da ka, ya tafi daidai har Jabha, nan ya cije. Yaron ya yi dariya irin ta jika da kaka, ya ce ashe tsoho ya sha karatunsa da fura. Da aka yi lisha ya sa aka jawo adakar. Gafaka tana nan, amma gara ta cinye wajen sulusin takardun, kuma wanda zai tambaya yana kabari.

Fasali na huɗu: Abin da ya sāke da abin da bai sāke ba

Abu uku ya tarar sun sāke. Na farko birni. Fitilun titi da na injin wuta da na hasken rana, da hayaƙin motoci da ƙura, sun haɗu sun yi wa saman Kano farin mayafi. Mai lafiyar ido a daji mai duhu yana ganin taurari wajen 2,000 a lokaci guda, amma daga soronsa manyan kaɗai ke fitowa. Majarra kuwa, farin zanen nan da ya keta sama kamar hanyar shanu, ko alamarta babu, kuma jikansa bai taɓa ganinta ba tun da aka haife shi.

Na biyu idonsa. Yana saurayi yakan ƙirga 'ya'yan Kaza shida, daren da sama ta yi garau har bakwai. Yanzu sai ya ga ɗan farin tabo kawai. Ya je aka auna idon aka yanka masa tabarau, shida suka komo.

Na uku waɗansu taurari masu tafiya, suna keta sama cikin 'yan mintoci ba ƙyaftawa. Waɗannan taurarin ɗan Adam ne. Rasha ta harba na farko a 1957, kuma a farkon shekarun 1960 Amurka ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbonta masu ɗauke da mutum. Zamanin karatunsa kaɗan ne, yanzu dubbai ne. Mafi haskensu tashar da mutane ke zaune ciki, tana bisa ƙasa da kamar kilomita 400, tana kewaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai.

Abin da bai sāke ba shi ne taurarin kansu. Dabaran yana bin Kaza yadda ya bar shi, Shi'ira tana nan da farin haskenta. Masana hisabi sun ce mazaunin taurari yana gocewa daga lissafin shekara da daraja ɗaya cikin shekara 72, darajar nan kuwa faɗin wata biyu ce kawai. Saboda haka duk tsawon rabuwarsa da su ba su gusa abin da ido zai lura ba. Wanda ya bar kasuwa shekara 34 ba zai tarar da kuɗin da ya sani ba, ba zai tarar da farashin da ya sani ba, amma wanda ya bar wannan karatu zai tarar da allonsa ba a wanke ba.

Fasali na biyar: Yadda ya sāke koyo

Gemu ba ya hana ilmi. Yana da gona a wani ƙauye arewa da birni inda wutar lantarki ba ta kai ba. Sai ya ɗora wa kansa zuwa can duk ƙarshen wata, sa'ad da farin wata ba ya dushe taurari, ya kwana biyu. Yakan shimfiɗa tabarma a masussuka, ya kashe tocila, ya jira minti 20 ko 30, domin ido ba ya buɗewa ga duhu sai bayan haka, kuma haske ɗaya in ya bugi ido sai a koma jira daga farko.

Ya fara daga abin da ba ya ɓacewa, watau taurari uku masu jere a tsakiyar Jauza'u. In aka bi layinsu ta gefe ɗaya a iske Shi'ira, wadda ta fi kowane tsayayyen tauraro haske, wadda aka ambaci sunanta cikin Suratun Najmi. In aka bi ta ɗaya gefen a iske Dabaran, gaba da shi Kaza. Bisa kan Jauza'u akwai ƙananan taurari uku a cure, su ne Haƙ'a. Kudu da Shi'ira akwai Suhailu, na biyu a haske. Tauraron arewa kuwa, wanda malamai ke kira Judayyu, daga ƙasar Kano yana bisa gefen sama da daraja 12, watau dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ƙari in an miƙe hannu, kuma ba ya barin wurinsa dare duka. Daga waɗannan ya riƙa tsallakawa zuwa maƙwabtansu, kamar baƙon da ke koyon unguwa daga ƙofar masallaci.

Kowane tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da minti 4, watau sa'a biyu cikin wata guda. Don haka ba mai ganin manziloli duka a zama ɗaya na farkon dare, kuma sai da shekara ta kewayo sa'an nan ya gama gaisawa da su 28. Ya tarar sama ta fi kyau daga ɗaukewar ruwa zuwa saukar hazo, wajen Oktoba da farkon Nuwamba, da kuma daren da aka yi ruwa gari ya washe.

Takardun da gara ta ci kuwa, ya yi cigiya har ya sami wani abokin karatunsa, yanzu limami ne a wani gari na ƙasar Gumel, idonsa ya tafi amma hardarsa tana nan. Suka zauna kwana uku, limami yana faɗa, falke yana rubutawa, inda ɗaya ya manta ɗaya ya tuna. Da dare falke ya riƙa gaya masa abin da ke sama, shi kuwa yana cewa to duba hagunsa za ka ga kaza, a duba a gani.

Daga baya ya sayi madubin hangen nesa mai ido biyu, irin na maharba. Da ya jingina shi a kan katanga ya duba Mushtari sai ya ga 'yan ɗigo a jere kusa da shi, su ne watanninsa huɗu da Galileo mutumin Italiya ya gani a 1610, kowane dare suna sāke wuri. Ya duba Kaza, ya ga 'ya'yanta sun fi a ƙirga a tsaye. Ya duba wata yana ɗan kwana bakwai, ya ga ramuka da duwatsu a bakin inuwarsa. Ya nemo ɗan gajimaren nan da Abdurrahman as-Sufi ya siffanta cikin littafinsa na surorin taurari a 964, wanda masana yanzu suka tabbatar tarin taurari ne mai nisan da haskensa ke shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso. Ya ce da malam ya ga wannan da ya yi kuka.

Wayar jikansa ma ta yi amfani, domin akwai taswirar sama a cikinta mai faɗin sunan kowane tauraro, kuma da yawa cikin sunayen da Turawa ke kira Larabci ne aka karkata: Aldebaran shi ne Dabaran, Altair shi ne Nasruɗ Ɗa'iru. Amma ya kafa sharaɗi, a duba ta da rana a gida, in an fita fili a bar ta cikin aljihu. Haskenta yana kashe ido, kuma wanda waya ke nuna wa kullum, ran da ba caji ba shi da sama.

Fasali na shida: Kurakurai uku da ido ya gyara

Na farko, da yawa suna zaton in an ce yau ana cikin Surayya, to Surayya ce za a gani tsakar sama da dare. Ba haka ba ne. A wannan lissafi tauraron lokaci shi ne wanda rana ta sauka cikinsa, saboda haka shi ne ba a gani, hasken rana ya rufe shi. Kaza takan ɓace yamma bayan magariba wajen ƙarshen Afrilu, rana tana daidai da ita wajen 20 ga Mayu, sa'an nan ta bayyana gabas kafin alfijir cikin Yuni. Ganinta tsakar ka a farkon dare kuwa sai cikin ɗari.

Na biyu, watannin Ajami na tsofaffin takardu ba su ne na kalandar bango ba, ko da sunayen sun yi kama. Shekarar tsohon lissafi ta fi shekarar rana tsawo da kamar minti 11, abin da ke zama kwana ɗaya cikin shekara 128. An gyara wannan a ƙasar Turai a 1582, tsohon lissafi kuwa ya ci gaba yadda yake, yanzu tsakaninsu kwana 13. Ɗaya ga Yanairun Ajami ita ce 14 ga Janairun kalanda. Wanda ya ɗauki kwanan wata daga takardar malaminsa ya neme shi a kalandar bango bai ƙara 13 ba, ya riga lokaci da kusan tauraro guda, kuma manomin da ya dogara gare shi zai iya yin asarar iri.

Na uku, Zara da ake gani yamma kusa da jinjirin wata, da Gamzaki mai fitowa gabanin asuba, abu guda ne, ita ce Zuhura. Takan yi watanni tana bin rana a yamma, ta ɓace, ta komo tana gabanta a gabas, kewayen nan yana cika cikin kwana 584. Malam ya faɗa musu haka tun dā, amma sai da ya bi ta da idonsa har ta ɓace nan ta fito can sa'an nan zuciyarsa ta zauna. Gani ya kori ji.

Fasali na bakwai: Zargin 'yan kasuwa

Ba a daɗe ba magana ta bazu a layinsu, wai Alhaji ya zama ɗan duba. Waɗansu suka rage gaisuwa. Wani kuma ya zo masa a asirce, ya ce, “Alhaji, kayana suna kan ruwa. A duba mini ranar da ta dace in fito da su, ba zan manta da kai ba.”

Ya ce masa, “Alhaji, abin da na sani shi ne ƙarfe nawa Mushtari zai fito gobe. Abin da zai sami kayanka kuwa, ni da Mushtari duka ba mu sani ba.”

Wannan ita ce iyakar da malamai suka shata tun dā. Ilmin taurari iri biyu ne. Akwai ilmin tafiyarsu, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da hanya da shi. Wannan halal ne, Alƙur'ani ya yi nuni gare shi cikin Suratu Yunus aya ta 5 inda aka ambaci manzilolin wata da ƙidayar shekaru, da Suratul An'ami aya ta 97 da Suratun Nahli aya ta 16 inda aka ambaci shiryuwa da taurari. Shehu Abdurrahman al-Ahdari, mai Ahalarin da kowane ɗalibi ke farawa da shi, shi da kansa ya yi waƙe cikin ilmin falaki mai suna Siraju. Akwai kuma da'awar cewa taurari suna da tasiri cikin arziki da mutuwa da aure, ko ana sanin gaibu da su. Wannan shi ne abin da aka hana. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina ruwan ga tauraro. Haka kuma ran da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce don rasuwar ne, ya kore wannan zato. Saboda haka mai cewa damina takan sauka lokacin Haƙ'a, bisa al'adar da Allah ya gudanar, bai yi laifi ba. Mai cewa Haƙ'a ce ke saukar da ita, shi ne ya ɓata.

Fasali na takwas: Alƙiblar masallacin ƙauye

Mutanen ƙauyen da yake noma suka tashi gina sabon masallaci. Magina suka ja igiya suka fuskanci gabas sak, yadda suka saba. Falke ya gani, ya sami liman a keɓe, ya ce, “Allah gafarta Malam, alƙiblar ƙasar Kano ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kamar daraja 22. Tana tsakanin mafitar Kaza da mafitar Simaku mai māshi.” Waɗansu dattawa suka ce haka suka tarar iyayensu suna yi, ba mai sayar da yadi ne zai juya musu salla ba.

Bai yi gardama ba, sai ya roƙa a dakata da haƙa tushe har 28 ga Mayu. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12 da minti 18 agogon Makka, watau ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27 agogon Nijeriya. A wannan lokaci duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba. Ran nan aka kafa sanda miƙaƙƙiya a filin, aka daidaita ta da igiya mai dutse, jama'a suka kewaye. Da lokaci ya yi aka ja layi bisa inuwarta. Layin ya saɓa wa igiyar magina a fili, yaro ma ya gani. Liman ya ce sallolin da suka wuce an yi su bisa iyakar ƙoƙari, Allah ya karɓa, amma ba a gina sabo bisa kuskuren da ya bayyana. Aka tuge turaku aka sāke kafawa.

Tun daga nan in ranar 29 ga wata ta zo akan kira shi duban jinjirin wata, domin ya san gefen da za a duba, ya kuma san in wata ya riga rana faɗuwa ba abin da za a gani. Amma bai taɓa cewa a ɗauki azumi ko a ajiye ba. Yakan ce nasa ido ne, sanarwa ta Sarkin Musulmi ce.

Kammalawa

A shafin ƙarshe na sababbin takardunsa ya rubuta wa jikansa alkawura huɗu na sama, bisa lissafin masana, in Allah ya so. Ranar 2 ga Agusta 2027 husufin rana cikakke zai bi ta Masar da Jidda da Makka, a ƙasar Hausa kuwa ɓangare za a gani. Ranar 20 ga Maris 2034 wani cikakke zai keta Nijeriya daga wajen Ikko ya nufi Cadi. A 2040 Mushtari zai sāke cim ma Zuhal. A 2061 mai wutsiya za ta komo. Ya ƙara da gargaɗi kada a dubi rana da ido tsirara lokacin husufi, domin tana ƙona gani ba tare da an ji zafi ba. Ƙarƙashin wannan ya rubuta wasiyyar da aka yi masa a 1981, cewa wanda ya gani ya yi addu'a.

Abin da ake roƙo ga malaman tsangaya da na zaure shi ne, wanda ke da wani abu na wannan ilmi kada ya bar shi cikin gafaka. Dare ɗaya cikin wata ya isa a fita da manyan ɗalibai bayan gari, a nuna musu ko da tauraro uku. 'Yan kasuwa kuma da suka yi karatun nan suka bari, ba a neman jari, ba a neman lasin, tabarma ce da duhu da haƙuri. Waɗanda suka san sunaye suna raguwa, waɗanda suka san wuraren sun fi su raguwa, kuma gara ba ta hutawa.

Allah ya jiƙan malaman da suka koyar, ya ba ɗalibai albarkar abin da suka koya, ya tsare Musulmi daga camfi da da'awar gaibu. Amin. Wassalamu.